Tambaya da Amsa: An Ɗora Ni a Kan Wanda Ya Koya Mini Aiki

Tambaya:

Assalamu alaikum, Malam. Ina rubuto maka ne daga Garwa ta ƙasar Kamaru, kuma ina roƙon a sakaya sunana da na wurin aikina. Kamfaninmu na sufuri ne, muna ɗaukar kaya daga tashar jirgin ƙasa ta Ngaundere zuwa Garwa da Marwa da Kusri, wani lokaci mu tsallaka har Njamena. Na shiga aikin ina saurayi, ina rubuta takardun kaya, daga baya aka mayar da ni ɓangaren lissafi. Bayan Babbar Sallar da ta wuce masu kamfanin suka naɗa ni daraktan reshen Garwa, inda ma'aikata suka haura 50, tsakanin direbobi da kanikawa da 'yan sito da na ofis.

Tun daga ranar hankalina bai kwanta ba. Akwai wani dattijo, sa'an mahaifina, wanda ke kula da direbobi da gareji. Shi ya koya mini aiki, kuma kowa ya ɗauka shi za a ba kujerar. Har yanzu da sunan yarinta yake kirana a gaban ma'aikata, yana kuma sauya tsarin fitar motoci ba tare da ya sanar da ni ba, ni kuwa nauyinsa nake ji, na kasa yi masa magana. Abokaina da muke shan shayi tare suna cewa na canza. Ɗaya daga cikinsu direba ne, lissafin man gazuwal ɗinsa ba ya daidaita, har ina tunanin in yanke masa albashi a asirce don kada maganar ta fita. Ga 'yan uwa da takardun neman aiki, ga 'yan kasuwa sun soma aiko mini da kyauta gida. Sannan har yau ni nake yin lissafin da nake yi a da, don ban yarda wani zai yi shi daidai ba, sai in kai bayan isha'i ina ofis. Malam, ta ina zan fara?

Amsa:

Wa alaikumus salam. Allah ya taya ka riƙo, ya sa ka sauka lafiya. Zan fara da abin da ka ajiye a ƙarshen wasiƙarka, domin a ganina shi ya buɗe wa sauran ƙofa. Muddin kana duƙe a kan littafin lissafi daga safe har dare, kujerar da aka ba ka babu kowa a kanta, kuma wurin aiki mai motoci a kan hanya ba ya jiran shugaba ya ɗago kai. Dole wani ya ce wace mota za ta fita, wa zai tuƙa ta, kayan wa za a fara ɗauka. Dattijon da kake kuka da shi yana yanke waɗannan shawarwari ne, a wani ɓangare, saboda ya duba bai ga mai yanke su ba. Don haka cikin makon nan ka zaɓi wanda zai gaji tsohon aikinka, ka zauna da shi ku rufe lissafin wata ɗaya tare, wata na biyu ya rufe kana kallo, daga nan ka sakar masa. Zai yi kuskuren da ba za ka yi ba, kamar yadda kai ma ka yi lokacin da kake sabo. Abin da ya rage naka shi ne ka ware rana ɗaya a mako ka duba abubuwa kaɗan waɗanda su ke nuna lafiyar reshe: kuɗin da ke hannu, bashin da ake bin 'yan kasuwa da tsawon lokacin da ya yi, man da kowace mota ta sha idan an gwada shi da tafiyar da ta yi, da motocin da ke kwance a gareji.

Yanzu maganar dattijo, wadda ita ce mai nauyi. Abin da ya ɗaure ka shi ne ka haɗa abubuwa biyu wuri ɗaya, girma da hukunci, kana ganin idan ka riƙe ɗaya ka saki ɗayan. Girma nasa ne, shekarunsa da wahalar da ya sha a kanka suka ba shi, babu takardar naɗin da za ta karɓe shi. Hukunci kuwa amana ce da masu kamfani suka ɗora maka, ba mallakarka ba ce balle ka yi kyauta da ita don kunya. Ranar da mota ta fita ba bisa tsari ba, kayan wani suka kwana a tasha, ko aka yi haɗari, kai za a kira, kuma ba wanda zai karɓi uzurin cewa kana jin nauyin Baba.

Kada ka aika a kira shi ofis. Ka je gidansa ranar hutu bayan la'asar, ka gaishe shi gaisuwar ɗa da uba, ka zauna inda ka saba zama. Ka gaya masa cewa ka san abin da ka sani a hannunsa ka koya, kuma ba ka da niyyar tafiyar da reshen ba tare da shi ba. Wannan ba daɗin baki ba ne, gaskiya ce da ya kamata kai ma ka yarda da ita. Mutumin da ya daɗe a wannan hanya ya san direban da za a iya ba mota mai cikakken lodi ya sauko da ita gangaren dutsen da ke arewa da Ngaundere, ya san halin hanyar Mora zuwa Dabanga zuwa Kusri idan damina ta sauka, ya san injin da ba ya jure zafin watan Afrilu, ya kuma san yadda motoci ke ƙaranci idan kakar auduga ta kankama. Ba za ka sami wannan a kwamfuta ba. Amma kada ka ba shi haƙuri a kan naɗinka. Ba kai ka naɗa kanka ba, kuma ba da haƙuri tamkar shaida ce cewa an zalunce shi, abin da zai riƙe ya yi ta juyawa a zuciya.

Bayan ka gama ba shi girmansa, sai ka faɗi buƙatarka guda ɗaya a fili, ba tare da kwana-kwana ba. Kana iya cewa: "Baba, gareji da zaɓen direba na bar maka, ba zan sa baki ba sai da shawararka. Amma tsarin fitar motoci, idan za a sauya shi, ina so in sani kafin mota ta tashi, domin ni ake tambaya." Kashegari ka sa a rubuta wannan rabon aiki a takarda, a karanta shi a taron shugabannin sassa, yana zaune. Dattijai da yawa ba kujerar ce ke ci musu rai ba, tsoron a mayar da su saniyar ware ne a wurin da suka ƙarar da ƙuruciyarsu. Idan ya ga an yanka masa fili nasa a gaban jama'a, akwai kyakkyawan zaton zai bar maka naka.

Sunan da yake kiranka da shi kuwa, shawarata ka kawar da kai. Idan tsarin motoci ya dawo hannunka, sunan ba zai rage ka da komai ba, kuma ma'aikata sun fi lura da wanda maganarsa ke tabbata fiye da yadda ake kiransa. Shugaban da ya fara yaƙinsa da neman a ce masa "ranka ya daɗe" ya faɗi tun bai soma ba. In kuwa ya ci gaba da sauya tsari bayan wannan zama, ka sake yi masa magana kai da shi, karo na gaba ka nemi wani dattijon da yake jin maganarsa ya zauna tare da ku, sai in duk wannan ya ci tura ka koma ga takarda. Akwai kuma wata hidima da za ka yi masa wadda ta fi gaisuwa amfani. Tun da sa'an mahaifinka ne, ritaya ta kusa. A Kamaru ana fara karɓar fanshon tsufa na CNPS, wato asusun ƙasa mai kula da fanshon ma'aikata, a shekara 60 ne, kuma daga cikin sharuɗɗansa akwai cika wata 180 ana zuba wa mutum kuɗi. Ka sa a binciko fayil ɗinsa tun yanzu, a ga ko akwai watannin da ba a zuba ba, a gyara kafin lokaci ya ƙure.

Sai abokinka direba. A nan zan yi maka magana da kakkausar murya: kada ka taɓa albashinsa. Dokar ƙwadago ta Kamaru, wadda aka sa wa hannu ranar 14 ga Agusta 1992, ta hana mai ɗaukar aiki cin ma'aikaci tara. Horon da ta yarda ya jawo asarar albashi shi ne dakatarwa daga aiki, ita ma da sharuɗɗa: kada ta wuce kwana 8 na aiki, a ƙayyade tsawonta tun lokacin da aka yanke ta, a ba ma'aikaci a rubuce tare da dalili, sannan a sanar da sufeton ƙwadago na yankin cikin awa 48. In ɗaya ya faɗi, dakatarwar ta ɓaci. Ka ga ke nan abin da kake ganin rufin asiri ne zai iya zama abin da za a kai kamfani ƙara a kansa, kuma sa hannunka ne za a gani. Ban da haka, a wurin aiki babu asiri. Mai biyan albashi zai sani, direbobi za su ji, kuma darasin da za su ɗauka shi ne abokin darakta ana yi masa hukunci a ɗaki, saura a tsakar gida.

Kafin ma a kai ga horo, ka tabbatar akwai laifi. Mota tana shan mai fiye da kima saboda dalilai da dama: lodi ya yi yawa, inji ya gaji, an daɗe a layi a kan iyaka inji na aiki, ko an sha gurɓataccen man fasa-ƙwauri da ake kira zuwa-zuwa a bakin hanya. Ka sa a gwada lissafinsa da na sauran motocin da ke bin hanya ɗaya da kaya kusan iri ɗaya, na watanni da dama, kuma a yi wa direbobi duka wannan bincike, kada a ware shi shi kaɗai. Idan giɓin ya tabbata, a ba shi takardar neman bayani ya amsa a rubuce, a bi abin da dokar cikin gida ta kamfani ta tanada. In ba ka taɓa karanta wannan doka daga farko har ƙarshe ba, ka karanta ta a daren nan. A matsayin aboki, abin da za ka iya yi masa shi ne ka gaya masa da bakinka cewa bincike na zuwa a kan kowa, don kada ya ji a bakin wani.

Tun da ma'aikatanku sun haura 20, doka ta wajabta a sami zaɓaɓɓun wakilan ma'aikata, waɗanda ake kira delege. Sababbin shugabanni sukan ɗauke su abokan gaba, alhali su ne kunnen da shugaba ya rasa ranar da aka naɗa shi. Ka riƙa zama da su a kai a kai, ana rubuta abin da aka tattauna, ka amsa kokensu ko da amsar a'a ce. Ka kuma sani cewa ba a korar delege sai da izinin sufeton ƙwadago, korar da aka yi ba da shi ba kuwa babu ita a idon doka.

Da abokanka suka ce ka canza, ba su yi ƙarya ba, kuma ba abin kunya ba ne. Jiya idan ka ce a majalisar shayi wane malalaci ne, hira ce. Yau idan ka faɗa, kafin gari ya waye ta zama labarin za a kore shi. Jiya idan ka ce albashin nan ya yi kaɗan, kuka ne irin na kowa, yau kuwa alkawarin ƙari ne za a ɗauka. Ka ci gaba da gaisawa, ka je suna da ɗaurin aure da jana'iza, ka leƙa majalisar ka sha kofi ɗaya, amma da zarar hira ta karkata kan aiki ko kan wani ma'aikaci, ka yi sallama. Wasu za su ja baya, wannan ba makawa. Hausawa sun ce babba juji ne, kuma rabonka na sharar ya soma isowa ke nan.

Kyautar 'yan kasuwa ba ta buƙatar dogon bayani. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aiki wani mutum karɓar zakka, da ya dawo ya ce wannan naku ne, wannan kuwa kyauta aka ba ni, sai Manzon Allah ya tsawata, ya ce me ya hana shi zama a gidan mahaifinsa da mahaifiyarsa ya ga ko za a kawo masa kyautar. Ka tambayi kanka ko buhun shinkafar nan ya taɓa zuwa gidanka lokacin da kake rubuta takardun kaya. Mai shi yana sayen wuri ne a layin lodi, ko jinkirin biyan bashi. Ka mayar da shi da kyakkyawar magana, ka kuma gaya wa iyalinka kada a karɓi komai ba ka nan, domin ta ƙofar gida irin wannan ke shigowa. Na farko ne ke da wuya. Idan labari ya zaga kasuwa cewa ba ka karɓa, aiken zai tsaya da kansa.

'Yan uwa kuwa hakkinsu na kanka, amma a aljihunka yake, ba a jerin ma'aikatan kamfani ba. Ka kafa ƙa'ida cewa duk gurbin da ya samu za a sanar, mutum biyu ko uku su tantance, kai kuma ka janye idan akwai naka a ciki. Wannan zai ba ka amsar da za ka ba kawu da gwaggo ba tare da ƙarya ba: "Ba ni kaɗai ke ɗauka ba, ya kawo takardunsa a duba shi tare da saura."

Akwai abin da ba ka tambaya ba, wanda nake ganin ya fi duk waɗannan haɗari a gare ka, wato tsakaninka da masu kamfani. Ka nemi a rubuta maka iyakar ikonka: nawa za ka iya kashewa da sa hannunka kaɗai, wa za ka iya ɗauka ko sallama, bashin nawa za ka iya ba ɗan kasuwa, me za ka aika musu kowane wata. A kamfanonin iyali da yawa ana ba da umarni ta waya, a ce fitar da kaza ka ba wane, in abu ya lalace kuma a ce ba a faɗa ba. Duk umarnin kuɗi da ya zo da baki, ka bi shi da ɗan saƙo a rubuce cewa kamar yadda Alhaji ya umarta an yi kaza. Kamaru da Chadi suna cikin ƙasashe 17 da ke bin dokokin kasuwanci na OHADA, waɗanda suka ɗauki amfani da dukiyar kamfani don buƙatar kai a matsayin laifi ga masu tafiyar da shi, don haka ka saba tun yanzu da raba motar kamfani da hidimar gidanka. Idan kuma labari mara daɗi ya faru, mota ta faɗi ko kaya sun ɓata, su fara ji daga bakinka, a ranar, tare da abin da ka riga ka yi a kai.

Tambaya:

Malam, barka da aiki. Ni 'yarka ce daga Marwa. An ba ni shugabancin wata makaranta mai zaman kanta bayan wanda ya daɗe a kai ya sauka. Na tarar da abubuwa da yawa a karkace, kuma ina so in gyara su kafin zangon karatu ya yi nisa, amma mataimakina, wanda namiji ne kuma ya girme ni, yana ta cewa in bi a hankali. Shin hana ni aiki yake so ya yi?

Amsa:

'Yata, Allah ya yi miki jagora. Ba zan yanke wa mataimakinki hukunci daga nesa ba, amma akwai hanyar gane nufinsa. Ki tambaye shi wane abu ne za a bi a hankali, saboda me, kuma zuwa yaushe. Mai ba da shawara ta gaskiya zai ce, misali, kada a sauya jadawalin malaman azuzuwan da ke fuskantar jarrabawar BEPC, ta kammala ƙaramar sakandare, a tsakiyar zango, ya kawo dalili. Mai son tauye ki zai ce komai a bari, kuma ba zai taɓa faɗin rana ba.

Gyaran da ke gabanki ba nauyinsa ɗaya ba. Abin da ya shafi kuɗi da lafiyar yara ba ya jira. Idan ba a yi miki miƙa aiki a rubuce ba, ki nema yanzu: a ƙirga kuɗin da ke akwati da na banki, a jera basussuka, a lissafa kujeru da littattafai da na'urori, mai makarantar da wanda ya sauka da ke duk ku sa hannu. In ba haka ba, giɓin da aka bari shekarun baya zai wayi gari da sunanki. Ki kuma duba ko ana zuba wa malamai kuɗin CNPS da gaske. Tun 2016 kason fansho kashi 4.2 cikin 100 ne daga albashin ma'aikaci, wani 4.2 daga mai ɗaukar aiki, kuma yakan faru a cire na ma'aikaci a takardar albashi amma kuɗin bai isa asusun ba. Malamin da ya ga kin kama wannan zai saurare ki a kan sauran.

Abin da ya shafi al'adar wurin, kamar yadda ake taro da rabon darussa da mu'amala da iyaye, shi ne ke son haƙuri. Ki zauna da kowane malami shi kaɗai, ki tambaye shi abin da yake so a bari da abin da yake so a sauya, ki kuma kiyaye harshenki daga zagin wanda ya sauka, domin mutanensa suna nan kuma da su za ki yi aiki. Daga abin da kika ji, ki zaɓi gyara ɗaya ko biyu da za a gani kafin hutun zango, ki ba mataimakinki ɗaya daga ciki ya jagoranta, da ranar da zai kawo miki rahoto a gaban sauran malamai.